Telolin Zazzau da Iyayenmu Mata, Yara Na Jiran Allurarku

Jama'ar Zazzau, na cikin ganuwa da na Tudun Wada, na Sabon Gari da na Samaru! Gayya ta taso, ga ni na zo kiranku.

Samari da 'yan mata na unguwanninmu, yawancinsu 'yan sakandare, wasu kuma sun gama suna zaman jiran sakamako, sun haɗa kai za su nuna wasan Shaihu Umar a dandamali cikin hutun da ke tafe. Sun raba matsayi, kowa ya haddace abin da zai faɗa, kullum bayan la'asar suna gwaji a harabar makarantar firamaren da aka ba su aro. Babu mai biyansu ko sisi. Abu ɗaya ne ya gagare su, shi ne kayan da za su sa. Yau sarkinsu da rigar ƙwallo yake zaman fada, Balaraben wasan da wandon makaranta yake ratsa Sahara, uwar Umar kuwa da hijabin Islamiyya take neman ɗanta. A gwaji wannan ba laifi. Amma idan ranar ta zo suka fito gaban jama'a a haka, abin kunyar namu ne mu manya, domin a garin nan ne ake ɗinkin da sarakunan ƙasar nan suke alfahari da shi.

Ga wanda ya manta labarin, bari in tuna masa, don a ga girman aikin. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta Shaihu Umar lokacin yana malamin makaranta, ya shigar da shi gasar rubutun da Hukumar Talifi ta nan Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Wannan fim har an gyara shi an nuna a bikin fina-finai na birnin Balin ta Jamus a 2018. Labarin yaro ne da aka haifa a Kagara, mahaifinsa ya rasu, uwarsa ta auri Makau bafaden sarki. Fadawa suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi, ya nufi wajen Maƙarfi. Uwar ta je ganin iyayenta a Fatika, aka sace yaron a bayanta. Daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa ya ba shi ilimi. Ita kuwa uwar ta bi sawun ɗanta, aka mayar da ita baiwa, aka kai ta Murzuk, har Tarabulus. Maƙarfi da Fatika duk ƙasar Zazzau ce. Labarin gida ne yaran nan suka ɗauko.

To ku ƙirga irin mutanen da za a tufatar. Akwai sarki da fadawa da dogarai. Akwai mahara da mutanen ƙauyen da aka kai wa hari. Akwai manoma, akwai matan gida, akwai alƙali, akwai fatake da madugu, akwai Larabawa da Buzaye, akwai bayi a ɗaure, akwai almajirai zaune gaban Shaihu Umar a Rauta, inda ya zauna yana karantarwa. Shi kansa Umar sai an nuna shi yana yaro, yana saurayi, yana dattijo. Har kura akwai a ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da irin suturarsa, kuma suturar ta ƙarshen ƙarni na 19 ce, kafin Turawa su ci Zariya a 1902 su ci Kano a 1903. A lokacin babu zif, babu gezna, babu ɗinkin keke, babu silifas, babu agogon hannu. Irin hijabin da 'ya'yanmu ke sawa yau ma sai wajen shekarun 1980 ya bazu. Kakanninmu mata da zane da mayafi suke lulluɓi. Yaro ɗan shekara 16 ina zai san wannan? Ba a koya masa a aji ba, wayar hannunsa kuma ba za ta gaya masa yadda ake naɗa harsa ba. Sanin yana kawunanku, yana cikin adakar kakanninsu, yana yatsun masu ɗinkin hannu da ke zaune a zaurukan birni.

Kada wani ya ce tufafi ƙawa ce kawai, muhimmin abu shi ne maganar da ake faɗa. Duk wanda ya taɓa zama cikin 'yan kallo ya san ido yana riga kunne yanke hukunci. Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, wanda ke layin baya ya riga ya gane ko basarake ne ko talaka, malami ne ko ɗan kasuwa, ɗan gari ne ko baƙo. Rawani mai kunne biyu ya faɗa maka jinin sarauta ne ba sai an yi shela ba. Walki ya faɗa maka sana'a. Ja da kore sun faɗa maka dogari ya iso, a gyara zama. Marigayi Usman Baba Pategi, mai fitowa a matsayin Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne na gaske, amma da kaki da gashin baki ne Samanja ya zauna a zukatan mutane. Da ya bayyana a allon talabijin an san Mazan Fama ya shigo tun bai yi tsawa ba. Sannan akwai abin da sutura ke yi wa shi kansa mai wasan. Ku ɗora wa yaro mai rawar kai babbar riga mai nauyi, ku naɗa masa rawani, ku ja masa amawali, ku ga yadda tafiyarsa za ta natsu, muryarsa ta sauka, hannunsa ya koyi tattare hannun riga zuwa kafaɗa. Abin da mai ba da umarni ya yi makonni yana fama ya koya masa, rigar za ta koya masa a yini ɗaya.

Na fara da ku, telolin gari. Na san halin da ake ciki: wuta ba ta tsayawa, zare ya yi tsada, ga masu kaya suna sintiri a bakin shago. Ba a ce ku ajiye neman abincinku ba. Yamma ɗaya a mako ake roƙo, ko riga biyu uku da za ku karɓa ku ɗinka a shagonku idan aiki ya lafa. Ɗinkin dandamali ma ya fi na kwastoma sauƙi, sai dai yana da nasa ƙa'idodi. Ana ɗinka shi da yalwa, a bar rara a kalmasa, don rigar da ta yi wa wannan yaro bana ta yi wa wani baɗi. Ana guje wa maɓalli da zif, a yi amfani da mazagi da maɗauri, domin yaron da ya fita a matsayin bafade yana iya komowa a matsayin falke bayan minti biyu, kuma a cikin duhun bayan labule zai sauya. Ana ƙarfafa hammata da gindin wando, saboda akwai gudu da kokawa da faɗuwa. Ku da kuka ƙware a yankan buje da tsala da kamun ƙafa, ku da kuka san bambancin taguwa da 'yar shara, wannan fagenku ne. Kuma kowane shago yana da buhun ƙyallayen da ake sharewa a zubar ko a ƙone. Ku tara mana su. Da su za a yi faci a rigunan talakawa, da su za a cusa layu da guraye da kambunan mahara.

Sai ku masu ɗinkin hannu, maza da ke zaure da matan da ke cikin gida, waɗanda tun shekaru da dama suka karɓi wannan sana'a suna riƙe gidaje da ita. Babu wanda zai ce ku zauna watanni kuna yi wa wasan yini biyu aska takwas. Abin da ake nema a wurinku ido ne da alƙalami. Ku zo ku zana wa yaran aska biyu da aska takwas a kan takarda, ku nuna musu inda tambari yake zama a ƙirji da baya, yadda gidan biyar yake, inda linzami ke bi a wuya, yadda aljihu ke faɗowa. Sai a yanka ƙyalle mai haske daidai da zanen a ɗora a kan rigar a bi da allura. Daga kujerar 'yan kallo ba mai bambance shi da na gaske, muddin zanen ya fito daga hannun wanda ya san abin. Idan kuwa aka bar yara su ƙaga da kansu, za su yi wani abu mai kama da ɗinki, dattawan da ke zaune a gaba su kau da kai.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai abin da nake so yaran su ji daga bakinku. Hanyar da aka bi da uwar Umar, daga Kano zuwa Murzuk zuwa Tarabulus, ita ce hanyar da tufafinmu suka bi. Bajamushe Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda yadin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano yake kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus, yamma kuma har Tumbuktu. Ta wannan hanya ce kuma alharini, jan silikin nan da ake yi wa manyan riguna shafi da shi, yake gangarowa zuwa gare mu. Turkuɗin da Buzu ke naɗawa har shuni ya kama masa fuska, a Kura ake yinsa a buga shi ya yi walƙiya. Ke nan ayarin da ya ɗauki bayi arewa, shi ne ya ɗauki saƙi da ƙore da baƙin rawani. Yaron da ya riƙe yadin da aka rina da baba, ya ji warin karofi a jikinsa, aka ce masa irin wannan ne kakanninka suka sayar har bakin Bahar Rum, kuma tare da shi aka sayar da mutane, ya koyi tarihin da ba zai manta ba, daɗinsa da ɗacinsa. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa marini ya bar bakin karofinsa na awa biyu ya zo.

Don haka marina, muna da buƙatarku. Kuɗin da yaran suka tara bai wuce na akoko ba, kuma sabon akoko fari fat idan fitilar dandamali ta haske shi kashe ido yake yi, ga shi yana nuna daga kanti ya fito jiya. Wani sai an tsoma shi a baba ya yi shuɗi, wani ya yi baƙi. Wani kuma so ake ya tsufa: a jiƙa shi a ruwan ganyen shayi ko na bagaruwa, a murje shi da jar ƙasa, a shanya a rana, har ya zama rigar mutumin da ya yi wata uku a kan hanya. Uwar Umar ba za ta isa Tarabulus da zanen da ta bar Fatika da shi yana sabo ba. Zane uku ake buƙata iri ɗaya, kowane ya fi na baya koɗewa, don mai kallo ya ga wahala a jikinta kafin ta faɗa. Masu bugu kuma, rawani ɗaya ko biyu da za ku buga mana da shuni ya ɗauki ƙyalli, ya wadatar da dukan fitowar Sahara.

Dukawa, a taimaka da gafakar malam, da zabira, da fade na fatake, da kuben takobi. Ba sai fata mai tsada ba, ragowar yanka ma ta isa. Masassaƙa da kafintoci, takubban da masun duk na katako ake so, a shafa musu fenti. Ba za a shigo da ƙarfe mai kaifi cikin yara ba ko da na gado ne, kuma kibau babu tsini. Sarƙa da mari na bayi da kwali da igiya za a yi su, masu sauƙi, waɗanda ba za su ƙuje fatar kowa ba. Masu saƙar malafa, guda huɗu ko biyar. Kurar kuwa, buhun algarara da gawayi da mutum mai dabara take jira.

Yanzu gare ku iyayenmu mata, Hajiya da Inna da Gwaggo, domin rabin aikin nan a hannunku yake. A ƙarƙashin gadon da yawa daga cikinku akwai adaka ko akwatin da ba a buɗewa sai an yi rasuwa. A ciki akwai saƙi, akwai gwado, akwai zanen tsamiya, akwai jigida da murjani da tsakiya da munduwa, kayan da uwa ta bar wa 'ya, 'ya kuma ta rasa wanda za ta nuna wa. Ba mu ce ku ba da su a sa ba. Abin da yake na gado mai daraja, wanda in ya yage ba a samun madadinsa, kada ya hau dandamali ko da ku kun yarda. Ku zo da shi a hannunku, ku shimfiɗa, yara su gani su taɓa, tela ya auna, a ɗauki hoto, ku naɗe abinku ku koma da shi gida a ranar. Abin da ya fi kayan ma shi ne bayaninku. Yaya ake ɗaurin ƙirji ya zauna ba ya kwancewa? Yaya matar aure take yafa mayafi, yaya budurwa take yi? Wace ce a cikinku har yanzu ta iya doka? Wace ce ta san yadda matar bafade take bambanta da matar manomi tun daga kallabi? Masu kitso da masu lalle su biyo ku. Goyon yaro ma sai an koya wa yarinyar da za ta fito a uwar Umar, don majanyi ya ɗauru kamar na uwa.

Na san abin da ke ran wasu iyaye, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Ana tsoron wasan kwaikwayo. Ana cewa hanyar lalacewa ce, cakuɗuwar maza da mata ce, daga nan sai yarinya ta ce fim za ta shiga. Wannan damuwa ta iyaye ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma maganinta shi ne ku kasance a wurin. Idan Gwaggo ce ke riƙe da ɗakin sauya kayan 'yan mata, babu namijin da zai leƙa. Idan Inna ce ta yanka zanen, ita za ta tabbatar an sa riga mai duhu a ciki, kafaɗa da ƙirji a rufe, a fito da kamannin da ba tare da an tozarta 'yar kowa ba. Yaran nan ko mun zo ko ba mu zo ba suna da sha'awar abin, kuma za su neme shi a wani wuri. Gara su same shi a gaban idonmu, da labarin malamin da ya haddace Alƙur'ani ya dawo gida yana karantarwa.

Kuma mu tuna su wane ne suka share wannan fage. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni, ya kuma ci gaba da shirya su da ɗalibansa lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya yi aiki tare da shi marubucin Shaihu Umar. Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa a 1949 don koyar da tsabta da kiwon lafiya. Shu'aibu Maƙarfi ya ba mu Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, kowa ya san ƙaunarsa ga wasan kwaikwayo tun yana malamin makaranta. A Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, dandalin wasan da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970 yana nan, magina na gargajiya ne suka ɗora shi, daga nan ɗalibai suka riƙa kai wasa ƙauyuka irin su Soba da Bomo. Tun kafin duk wannan akwai tashe. Wace uwa ce a garin nan ba ta taɓa ba ɗanta auduga ya yi gemu ba, ko tsohuwar rigar babansa, ko tsumman da zai cusa ya yi tumbi, idan azumi ya kai goma? Wanda ya tufatar da Jatau mai magani da Macukule ya riga ya yi wannan aikin da nake kira a kai. Bambancin kawai yanzu yaran sun girma, labarin da suka ɗauko ma ya girma.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙon a yi hattara ƙwarai. A cikin labarin an kai hari ƙasar Gwari an kamo mutane. Mun saba, idan za a nuna mutumin ƙauye ko bawa ko wanda ba Bahaushe ba, sai a rataya masa tsumma a shafa masa toka don a yi dariya. Kada a yi haka a wannan wasa. Waɗanda aka kama mutane ne da ke cikin gonakinsu, da suturarsu da adonsu, da iyayensu da 'ya'yansu, kuma jikokinsu maƙwabtanmu ne a yau, tare muke cin kasuwa, tare 'ya'yanmu suke aji. Ina kira ga 'yan'uwanmu Gbagyi da ke zaune a Zariya, musamman dattawa mata, su zo su nuna mana yadda kakanninsu suke shiga, yadda ake saɓa kaya a kafaɗa, irin zanen da ake ɗaurawa. Idan aka tufatar da su da mutunci, ranar da aka ɗaure su a dandamali ɗakin zai yi tsit, mai kallo ya ji zafin abin da aka yi. Wannan shi ne abin da marubucin ya so a ji. Haka Buzayen da ke gadi da sayar da shayi a unguwanninmu: babu wanda ya fi su iya naɗin rawaninsu, a gayyato su da girmamawa.

Maganar amana kuma, tunda kayan mutane za a karɓa. Duk mun san yadda aro ke ɓata zumunci a garin nan, shi ya sa mutane suke ƙin bayarwa, kuma suna da hujja. Saboda haka an tanadi littafi. Duk abin da ya shigo za a rubuta sunan mai shi da kamanninsa da halin da ya zo, a ɗinka masa 'yar alama a ciki, a ba mai shi takarda. Mutum biyu manya, namiji da mace, su ne masu riƙe da mabuɗin akwatunan. Babu yaron da zai tafi gida da kayan wasa, ko da hula ce. Bayan an gama za a wanke, a goge, a kai wa kowa nasa har gida cikin mako guda, abin da ya lalace kuma a biya. Wanda aka ɗinka sabo zai zauna a ajiye don wasan gaba, makarantun gari su riƙa ara. Ta haka wahalar bana ba za a sake ta daga farko baɗi ba.

Wani zai ce ni ban iya riƙe allura ba, me zan yi a can? Aiki ya fi masu yi yawa. Ana son mai auna yara da tef ya rubuta. Ana son mai zama da littafin wasan ya fitar da jerin abin da kowa zai sa a kowace fitowa. Ana son masu wanki da guga, domin rigar da aka yi gumi a cikinta daren Juma'a dole ta bushe kafin Asabar. Ana son masu tsayawa bayan labule da fitilar hannu da allura a shirye, saboda mazagi yakan tsinke a lokacin da ba a zata ba. Ana son mai Keke Napep da zai ɗauko Hajiya da akwatinta ya mayar da ita. Fadawa da dogaran da suka san naɗi, a zo a koya wa samari, don rawanin da aka naɗa ba daidai ba warwarewa yake yi a tsakiyar magana. 'Yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada, ƙarshen bandir da ya yi kwantai da yadin da rana ta ci gefensa, wurinmu suna da amfani. 'Yan gwanjo, tsofaffin labule da zannuwan gado su ne alkyabba da jabba idan sun shiga hannun gwani. Malaman tarihi da ɗaliban jami'a, ku da ke da hanyar zuwa Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Makama a Kano, ku ɗauko mana hotunan tsofaffin riguna mu kafa a bango kowa ya riƙa dubawa. Mai hali kuma da ba shi da lokaci, ya sayi zare da allura da sabulu ya aiko. An fi son kaya a kan tsabar kuɗi, don kada a bar ƙofar zargi.

Su ma yaran ba za su naɗe hannu a yi musu ba. Sharaɗin da aka kafa shi ne duk wanda zai sa riga sai ya sa hannu a ɗinkinta, ko da kalmasa ce. Kowane tela za a haɗa shi da yara biyu ko uku masu yi masa hidima suna kallon hannunsa. Kullum muna kukan cewa samari sun guji sana'ar iyaye, masu ɗinkin hannu suna tsufa babu magada, karofi suna cikewa da shara. To ga samarin sun zo da ƙafarsu suna tambaya. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ba zai sake hawa dandamali ba bayan wannan, amma zai riƙe allurar har tsufansa. Idan muka juya musu baya yau, ba mu da bakin sake cewa 'ya'yan zamani ba sa son gado.

Lokaci ya ƙure, domin rini da shanya da gwajin kaya a jiki duk sai an gama su mako biyu kafin ranar wasa, yara su saba tafiya a cikinsu. Za a fara zama Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar, a makarantar da yaran ke gwaji, a tashi kafin magariba, mata da ɗakinsu maza da nasu. Limamai da masu unguwanni, a taimaka a sanar. Tela ya zo da tef da almakashi, Hajiya ta zo da akwatinta, wanda ba shi da komai ya zo da kansa. Don Allah kada ku aiko da saƙon fatan alheri, ku zo.